Fayil Ɗin Da Ya Ƙi Goguwa Ranar Mayar Da Kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana Nazifa, daga Birnin Konni. Wannan ne karo na farko da nake saka rubutuna inda ido zai gani, don haka in kun ga kuskure ku gaya mini a hankali. Duk sunayen da za ku gani na canza su, har nawa. In kun karanta za ku gane dalili.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka mayar wa Abdussamad kayansa.

Tun da sassafe Gwaggo Saude, yayar Babana, ta iso daga Bazaga a bayan kabu-kabu. Ko ruwa ba ta sha ba ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gidanmu, ta ce a fito da komai. Atamfa, leshi ruwan ƙasa, agogo, takalmi mai tsinin da ban taɓa iya taku uku da shi ba. A danginmu, in yarinya ce ta ce ta fasa, duk abin da saurayi ya taɓa kawowa sai ya koma gidansu, kuma lafiya lau yadda ya zo. Turaren da na shafa rabi, sai da Inna ta sayo sabo irinsa.

"Ko tsinke ya rage, magana ba ta mutu ba," in ji Gwaggo, tana ninke leshin. "Bayan la'asar ni ka kai su hannun uwar yaron, Hajiya Tsahara, da kaina. Ina na'urar?"

Na'urar ita ce ordinatar, wato kwamfutar, da ya ba ni lokacin da na gama lise, babbar sakandare. Tsohuwarsa ce ta buro, wato ofis, baƙa, harafin E ɗinta ya goge.

Bari in gaya muku yadda aka kai nan, kar ku ɗauke ni marar kunya. Abdussamad yana aikin fitar da takardun motocin albasa a bakin duwan, wato kwastan. Shekara guda yana zuwa zance. Da farko mutum ne mai surutu, sai dai surutun iri ɗaya: albasar Galmi, tan nawa aka loda, wane direba ya kwana a iyaka saboda hatimi guda. Bayan ƙaramar salla kuma sai ya yi ɗif. Ya zo, ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, sannan ya zauna yana kallon takalminsa har a kira isha'i. Wata uku muna haka. Na ce a raina wannan ya gaji da ni ne, kunyar faɗa yake ji, bari in sauƙaƙe masa. Na gaya wa Inna na fasa. Baba ya ce ba ya yi mini dole, amma tun ranar gaisuwata da "lafiya" ɗaya yake amsawa, don sahu ɗaya suke salla da mahaifin Abdussamad.

To ga abin da babu wanda ya sani a gidan. Cikin ordinatar nan na rubuta labari. Shafi sittin da uku, sunansa Gidan Hajiya. Da yake ban taɓa tunanin wani zai gani ba, sunayen gaskiya na saka. Na rubuta ranar da mahaifiyarsa, Hajiya Tsahara, ta juya tafin hannuna ta ce hannun nan bai san muciya ba. Na rubuta cewa tafiyarta kamar ta motar albasa da aka yi wa lodi fiye da kima. Ƙanwarsa Wasila kuwa na ce fuska ta Larabawa, ƙafa ta Konni. Shi kansa ban bar shi ba.

Kuma Wasilar ce za ta gaji ordinatar. Tun ranar Juma'a ta turo mini saƙo: "Anti Nazifa don Allah kar a manta caja."

Ni ba sakarya ba ce, tun ranar Alhamis na goge labarin, na zubar da kwandon shara na na'urar. Amma kun san mai tsoro. Da Gwaggo ta ce ina na'urar, na ce mata ina zuwa, na shiga ɗaki na kunna, na rubuta "Gidan Hajiya" a wurin bincike don zuciyata ta kwanta.

Ya fito.

Yana nan zaune cikin wata jaka da ban taɓa gani ba, can cikin hanjin na'urar inda take ajiye kayanta na kanta. Na buɗe. Ga Hajiya, ga motar albasa, ga ƙafar Wasila, babu abin da ya ragu.

Na danna gogewa. Wani ɗan akwati ya fito: "Accès refusé. Vous avez besoin d'une autorisation de la part de Système." Wato an hana ni, sai na nemo izini daga wurin na'urar da kanta. Labarin da na rubuta da yatsuna, ina zufa, wai ba ni da izini a kansa. A ƙasa akwai wurin sake gwadawa. Na danna shi sau goma sha ɗaya, na ƙirga.

Na ja shi da ƙarfi zuwa kwandon shara, ya ƙi. Na ce bari in canza masa suna ya zama "Darasin lissafi", don na san Wasila ko da kuɗi ba ta buɗewa. Ya ƙi. Na buɗe shi na share duk rubutun, shafi ya yi fari tas, har na fara hamdala. Da na zo ajiyewa ya ce wannan na karantawa ne kawai. Na kashe na'urar na kunna, yana nan. Na sake kashewa, na bar ta ta huce kamar tukunya, na kunna. Yana nan.

Na kira Husna, ƙawata tun lakwal, wato firamare, wadda ke buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tasha. Ba ta ɗauka ba, sai saƙon murya, ana jin injin kwafi yana ƙugi a bayanta.

"Ke kwantar da hankalinki. Danna shi da hannun dama, ki shiga Propriétés, sannan Sécurité, sannan Avancé. Za ki ga inda anka rubuta mai shi. Ki cire Système ki sa sunanki, shi ke nan ya zama naki."

Na bi a hankali, ina karanta kowane layi sau biyu. Na kai wurin. Na danna canzawa. Sai wani akwati ya fito da sunan Abdussamad, da fili a ƙasa yana jiran kalmar sirri.

Na ɗauki hoto na tura mata.

"Kash," in ji Husna. "Ashe shi ne babba a na'urar, ke baƙuwa ce. Gwada sunanki. Maza haka suke."

Na gwada sunana. Na gwada da manyan haruffa, na gwada da shekarar haihuwata. Na gwada Galmi. Na gwada albasa, Allah ya yafe mini. Na gwada sunan Hajiya har da Hajiyar. Kowane karo akwatin ya ce ba daidai ba.

"To a wanke na'urar gaba ɗaya mana," na rubuta mata.

"Da takardun buronsa a ɓangarensa? Ki mayar musu da kaya babu komai ciki, ki ga yadda Konni za ta ɗauka. Sai dai ki kai wa Tanimun mai gyara a kasuwa, shi ya san hanyar zagayawa."

Tanimun! Mutumin da in ka kai masa waya gyaran lasifika sai ya tambaye ka lafiyar wadda ka yi wa saƙo jiya. Kafin magariba da an karanta babi na uku a teburin mai shayi.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Zanena ya manne mini da zufa, ga wuta an ɗauke, batir yana sauka. Na zauna ina kallon randar ruwan da ke bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin abin da kuke tunani. Kofi ɗaya ya isa.

"Kar ki soma."

Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ta shigo ta saki labule, ta zauna bakin gadona.

"Tun ɗazu nike jin ki kina tsaki awa ƙadangaruwa. Mi ke cikin abin ga? Hoto?"

"A'a Gwaggo, wallahi ba hoto ba ne."

"To mi?"

"Rubutu ne."

"Na soyayya?"

Na girgiza kai.

"Zagi?"

Na rufe murfin na'urar.

"Wa kinka zaga?"

"Ba zagi ba ne Gwaggo, labari ne. Hajiya tana ciki. Da Wasila."

Na ɗauka salati za ta yi, ta kira Inna. Sai ta ce, "Har da ni?"

Babi na biyar gaba ɗayansa nata ne. Na ce, "Kaɗan."

"Hm." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "In Tsahara ta ji wanga abu, ubanki ba shi ƙara ɗaga kai a masallaci. Kuma ba ni kai ma mutane kaya jiƙe. Kira mai abin."

"Gwaggo, na fasa aurensa fa."

"Aurensa kinka fasa, ba lambarsa kinka manta ba. Ɗiyan zamani, ku iya rubuta shafi ɗari ku kasa magana guda."

Sau huɗu ina rubuta saƙon ina gogewa. A ƙarshe na tura: "Salam. Don Allah ina son kalmar sirrin ordinatar."

Alama ta yi shuɗi nan take. Yana rubutu. Ya daina. Yana rubutu.

"Wa alaikis salam. Fayil ɗin ne ya ƙi?"

"E."

"Kalmar kaɗai ba lalle ta ishe ki ba. Ina zuwa bayan azahar."

Ku da kuke karantawa kun riga kun lura ban ce masa fayil ba. Ni a lokacin ban lura ba, hankalina yana kan batir.

Ƙarfe biyu da rabi na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na zura hijabina ruwan toka, wanda nake sawa in ba na son a ce na yi kwalliya, na ɗauki na'urar na fita zaure. Yana zaune a bencin da ya saba zama, cikin shadda mai ruwan sararin sama, aljihun gaba da tabon biro kamar kullum. Ya rame kaɗan. Ban so na lura ba, amma na lura. Gwaggo ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a bayan ƙyaure da faifan wake, wai tsinta take.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Lafiya."

Na miƙa masa. Ya ɗora a cinya, ya buɗe, yatsunsa suka yi ta tafiya. Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga wata jaka, ya shiga wata, ya shiga ta uku, sai ga Gidan Hajiya.

"A buro wuta na yawan yanke mana aiki," ya ce, idonsa a kan allo. "Shi ya sa na taɓa saka wata manhaja da ke ajiye kwafin kowace takarda da kanta. Na cire ta daga baya, amma abin da ta ajiye ya zauna. Da sunan na'urar ta ajiye, shi ya sa ta hana ki."

Rabon da in ji ya jera magana haka tun azumi.

Ya bi hanyar da Husna ta nuna mini, ya saka kalmar sirrin da sauri yadda ban kama ko harafi ɗaya ba. Ya canza mai shi, ya ba sunana cikakken izini. Ya gwada motsa fayil ɗin, sai wani sabon akwati ya fito. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

"Yanzu kuma mene ne?"

"A buɗe yake. Ke kinka bar shi buɗe a baya."

Ya jawo shafin don ya rufe, rubutuna ya cika allon, ya kawar da kai gefe kamar wanda ya shigo ɗaki ba sallama. A nan ne abin ya faɗo mini.

"Malam Abdu."

"Na'am."

"Ya aka yi ka san inda yake? Ban nuna maka ba. Ban ma ce maka fayil ba ne."

Ya kalli takalminsa. Wallahi da ina da iko da na cire takalmin nan na jefa bayan katanga.

"Bayan salla, da kinka ce na'urar ta cika tana nauyi, na tafi da ita buro in rage mata kaya. Nan na gan shi. Na ga sunan Hajiya, na ɗauka wasiƙa ce."

"Shafi sittin da uku ka ɗauka wasiƙa?"

"Shafin farko na ɗauka wasiƙa. Sauran kuma na kasa tsayawa."

A bayan ƙyaure, ƙarar wake a faifai ta tsaya.

Na rasa wanne zan fara ji, kunya ko haushi. Haushin ya riga. "Wa ya ba ka izini? Abin mutum, sirrin mutum, ka zauna a buro ka karance tas, sannan ka zo nan wata uku kana kallona kamar gunki? Ka yi faɗa mana. Ka ce Nazifa kin ci mutuncin uwata. Ka ce wani abu!"

"Na so in ce."

"Me ya hana ka?"

Ya ɗan murza goshinsa. "Babi na biyu. Kin ce in na buɗe baki albasa ke fitowa, mace za ta tsufa tana jin tan nawa anka loda." Ya faɗe shi daidai yadda na rubuta, ko kalma bai canza ba. "Sai na ce bari in nemo wata maganar. Kullum a hanya ina nema. In na zo na zauna, sai in ga ita ɗin dai na sani."

'Yan uwa, na tsaya nan na daɗe kafin in ci gaba da rubuta muku. Wata uku ina cewa mutumin nan ya gaji da ni. Na ɓata wa Baba rai, na sa Inna sayen turare, na taso Gwaggo daga Bazaga. Ashe ni na rufe masa baki da hannuna, a shafi na tara, ina dariya ni kaɗai a ɗaki.

"Me ya sa ba ka goge shi ba tun a lokacin?" na ce, muryata ta yi ƙasa.

"Ba nawa ba ne." Sannan ya ƙara, "Kin iya rubutu. Wurin Wasila sai da na fita waje na yi dariya. Amma Hajiya, ciwon gwiwa gare ta. Tun haihuwar Wasila take tafiya haka."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Kai yaro," muryar Gwaggo ta fito daga bayan ƙyaure. "Ni mi ta ce a kaina?"

"Alheri, Gwaggo."

"Maƙaryaci. Allah shi yi maka albarka."

Ya juyo da na'urar ta fuskance ni, ya ɗora a kan bencin tsakaninmu. "Yanzu sunanki ne a kai. Babu mai hana ki."

Na kalli sunan fayil ɗin. Ba ni da wani kwafi, na Alhamis ya tafi. Wata bakwai na yi ina rubuta shi, shi ne abu na farko da na taɓa kaiwa babi na tara ban yaga ba. Kuma mutum ɗaya ne ya taɓa karanta shi a duniya, ga shi zaune yana kallon takalmi.

Na tuna gwiwar Hajiya. Na danna.

Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Abin da ya cinye mini safiya, ya sa ni zagin na'ura da tunanin randa, ya ɓace ba ko gardama. Na zubar da kwandon shara, na sake bincikawa da sunansa, na bincika da sunan Wasila. Babu.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan."

Ya miƙe ya ɗauki makullin babur. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, har ya buɗe baki. Na jira. Wallahi ko tan nawa aka loda ya ce, da na saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "A gaida Inna," ya fita.

Ana sallame la'asar Gwaggo ta naɗe na'urar cikin sabon zane, ta jera komai a babbar jaka, ta sa aka tsayar mata da kabu-kabu. Inna ta shige ɗaki don kar ta ga fitar kayan. Ni kuma na koma nawa ɗakin na zauna a kan katifa, na ce to Nazifa, asirinki ya rufu, Baba zai ci gaba da ɗaga kai a masallaci, abin da kike so ya samu. Sai ki yi murna. Murnar ta ƙi zuwa, sai tsaki nake ja.

Ba a yi rabin awa ba wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce. Ina jin muryoyin mata a bayanta, da ta Hajiya Tsahara tana cewa a kawo wa baƙuwa ruwa.

"Ke Nazifa, ga ni gidan. An duba kaya, komi ya cika, sai abu guda. Wasila ta ce babu igiyar cajin na'urar."

Na sa hannu a ƙarƙashin cinyata. Tana nan inda na zauna a kanta, a naɗe, har ta yi mini shaida a fata. Kar ku tambaye ni ko mantawa na yi, ni ma tun ranar nake tambayar kaina.

"Kina ji na? Kin san dai abin da na ce da safe. In ba ta zo ba, ba ni iya ce ma mutanen ga magana ta mutu. Duba ɗakinki, in tana nan in turo mai babur yanzu."

Na riƙe cajar gam.

"Na duba, Gwaggo. Ban gan ta ba."

Na ji ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "To. Ci gaba da nema. Kar ki yi sauri."